Wai waye mai SuperSport ne, kuma da gaske Faransawa sun saye ta?

Wani ƙanena mai gidan kallon ƙwallo ne ya turo min wannan tambayar, yace gardama ta kaure a gidan nasa ana jiran a take wasa, wasu na cewa SuperSport ta Turawan Ingila ce tunda ita ke nuna Firimiya, wasu suka ce ai ta MTN ce, wani kuma ya rantse yace Faransawa sun riga sun saye ta. Shi dai abin da yake so ya sani guda uku ne, waye mai ita, ta yaya ta faro, kuma in da gaske an sayar ɗin to kuɗin DStv zai sauko ne ko kuwa a ci gaba da haƙuri.

Toh ƙanena, wanda ya rantse ɗin nan bai yi kaffara ba, shi ya ci gardamar. SuperSport tana ƙarƙashin kamfanin MultiChoice ne, wato masu DStv da GOtv da Africa Magic, hedikwatarsu na Randburg a Johannesburg, shi kuma MultiChoice tun watan Satumba na 2025 ya koma hannun Canal+ na Faransa. MTN babu ruwanta a ciki, abin da ya haɗa su kawai duk daga Afirka ta Kudu suka fito. Su kuma 'yan Ingila masu sayar mata da kaya ne ba masu ita ba, kuma wannan bambancin shi ne gaba ɗaya zancen, in ka gane shi ka gane dalilin da yasa kuɗin wata ke ta hawa ko waye ya mallaki kamfanin. Amma bari mu ɗauko shi daga tushe.

Asalin gidan dai jarida ce. Akwai wani kamfani da aka kafa a 1915 mai suna De Nasionale Pers, wanda daga baya aka taƙaita shi zuwa Naspers, na Turawan Afirka ta Kudu ne masu yaren Afrikaans, su ke buga jaridar Die Burger, kuma editan farko na jaridar nan, D.F. Malan, shi ne ya zo ya zama firaminista a 1948, wato gwamnatin da ta kafa mulkin wariyar launin fata a hukumance. Kaga kenan gidan da yau baƙar fata miliyoyi ke biyansa kuɗi duk wata don kallon Arsenal, a da can bakin jam'iyyar wariya ne. Ba don in ɓata su nake faɗa ba, tarihi ne kawai, su ma kansu sun fito sun nemi afuwa a kai a 2015 lokacin da suka cika shekara 100.

Talabijin bai shiga Afirka ta Kudu da wuri ba, sai 1976, mu nan Najeriya tun 1959 an buɗe a Ibadan. Da gidan talabijin na gwamnati SABC ya fara aiki sai talla ta fara gudu daga jaridu tana komawa can, masu jarida suka shiga kuka. A daidai wannan lokacin wani matashi Koos Bekker yana karatu a jami'ar Columbia a Amurka, ya ga yadda HBO ke karɓar kuɗi a hannun mutane duk wata su kalli fim ba tare da dogaro da talla ba, ya dawo gida da tunanin, Naspers ta shige gaba, sauran manyan kamfanonin jarida suka sa hannu, gwamnati ta ba su lasin, a watan Oktoba na 1986 M-Net ta fara aiki. Sharaɗin da aka gindaya musu shi ne ba za su yi labarai ba, gwamnatin wariya ba ta son wata murya a talabijin bayan tata. To in an hana ka labarai me ya rage? Fim da wasanni. Ni a ganina wannan sharaɗin da aka yi don a ɗaure su shi ne ya nuna musu inda kuɗin yake.

SuperSport ta fara ne a 1988 a matsayin wani ɓangare na shirye-shiryen M-Net, ba tasha ce mai zaman kanta ba, kuma abin da zai ba ka mamaki ba ƙwallon ƙafa ne ya gina ta ba. Wasan zari-ruga da kurket ne, don masu kuɗin sayen dikoda a lokacin Turawa ne, su kuma wasanninsu kenan. Sai kuma lokaci ya zo musu daidai, an saki Mandela a 1990, ƙasar da duniya ta ƙaurace wa a wasanni aka fara buɗe mata ƙofa, kurket a 1991, FIFA ta dawo da su a 1992, a 1995 suka karɓi baƙuncin kofin duniya na zari-ruga kuma suka cinye, a 1996 suka karɓi kofin Afirka shi ma suka cinye, wanda mu ba mu je ba saboda rigimar Abacha da Mandela kan rataye Ken Saro-Wiwa, har yau 'yan Najeriya na cewa da mun je da labari ya sha bamban, wannan kuma wata gardamar ce ta gidan kallo. Mutanen da suka yi shekaru ba su ga ƙasarsu na buga wasa da kowa ba sai ga wasanni ko ta ina, kuma wanda ke da kyamara da kuɗin saye shi ne SuperSport. A can Ingila kuma a 1992 ne aka ƙirƙiro Firimiya, wadda tun daga haihuwarta don a sayar wa talabijin aka tsara ta.

A 1995 aka ƙaddamar da DStv ta tauraron ɗan'adam, a nan ne SuperSport ta zama tasha mai cin gashin kanta, daga ɗaya ta koma biyu, uku, har ta kai inda ka sani. MultiChoice shi asali sashen da ke kula da masu biyan kuɗi ne da dikoda da kati a cikin M-Net, aka ɓalle shi ya zama kamfani, yau shi ne uba ita M-Net ɗin ta koma ɗiya. A Najeriya sun shigo tun 1993, tare da abokan hulɗa 'yan ƙasa, wanda aka fi sani a ciki shi ne lauya Adewunmi Ogunsanya da ya daɗe yana shugabantar MultiChoice Nigeria, amma kaso mafi tsoka na uwar kamfanin ne. Mu da muke harkar dish mun san bambanci ɗaya da mai kallo bai damu da shi ba, dish ɗin DStv na Najeriya yana kallon tauraron Eutelsat ne a digiri 36 ta gabas, na Afirka ta Kudu kuma Intelsat a 68.5, shi yasa in wani ya taho da dikoda daga Johannesburg ya haɗa a dish ɗin gidansa na Kano ya ga babu komai sai ya ɗauka dikodar ce ta lalace, alhali tauraron ma ba ɗaya bane kuma asusun na wata ƙasa ne. Shi kuma kullen da ke kan katin, wanda ke yanke ka ranar da kuɗinka ya ƙare ko da ana minti na 80, na kamfanin Irdeto ne da ke Holan, shi ma nasu ne. Wato da mai nuna wasan da mai sayar da dikodar da mai kulle ƙofar duk gida ɗaya.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka fahimta da kyau. SuperSport ba ta mallaki Firimiya ba, ba ta mallaki La Liga ba, ba ta mallaki Champions League ba. Haya take yi. Duk bayan 'yan shekaru, galibi uku, masu gasar suna fito da haƙƙin nuna wasa su yanka duniya yanki-yanki, su ce ga na Afirka kudu da Sahara, ga na ƙasashen Larabawa, ga na Amurka, wani lokacin ma a raba da harshe, na Turanci daban na Faransanci daban, kowa ya taya a rufe, wanda ya fi tsoka kuma banki ya tsaya masa shi ke ɗauka. Kamar mai shago ne a Kantin Kwari, ko ka shekara ashirin a wurin, ka yi suna, kwastoma sun san ka, ranar da wa'adi ya cika in wani ya zo ya ɗora a kan kuɗinka ko dai ka biya ko ka kwashe kaya. Kuma wannan hayar da dala ake biyanta, ba da naira ba, ba da rand na Afirka ta Kudu ba. Kai kana biyansu da naira, su suna biya da dala, kuma sun sa hannu tun shekaru kafin su san yadda canji zai kasance.

Ko hoton da kake gani na Firimiya ba su suka ɗauka ba. Gasar tana da sashenta da ke haɗa hoto da sharhi ta aika wa duk duniya, SuperSport ta karɓa ta liƙa tambarinta a kusurwa, ta sa nata masu fashin baƙi kafin wasa da hutun rabin lokaci. Peter Drury da yaran gidan kallo ke haddace maganganunsa suna cewa mutumin SuperSport ne, na wancan sashen na Firimiya ne a lokacin, daga baya ya tafi NBC ta Amurka a 2022 sannan Sky a 2023, shi yasa aka rage jin sa a yawancin wasannin. Inda SuperSport ke aikin gaske da kyamarorinta da manyan motocinta shi ne wasannin cikin Afirka, kuma maganar gaskiya a nan babu wanda ya kama ƙafarsu a nahiyar.

Shekarar da ta fi girgiza su ita ce 2007, kuma duk wanda ya riƙe gidan kallo a lokacin zai tuna. HiTV ta Toyin Subair ta fito a Legas ta ƙwace mafi yawan wasannin Firimiya na Najeriya, a sauran ƙasashen Afirka kuma wani kamfani GTV ya yi musu irin haka. Ranar Asabar sai ka ga gidan kallo da dikoda biyu dish biyu, mai gida na ta sauya waya a bayan talabijin mutane na ihu, don babban wasan yana HiTV, Champions League da sauran kuma ana nema a wani wurin, kuɗi biyu kenan duk wata, wasu suka ƙara kuɗin shiga wasu suka rufe. Mutane sun yi murna a farko cewa ga namu ya zo zai karya su. A wannan shekarar dai ta 2007 SuperSport ta juya gida ta ƙwace gasar Afirka ta Kudu daga hannun SABC a kan rand biliyan 1.6 na shekara biyar, abin da ya tayar da ƙura sosai a can don talaka ya saba kallon Kaizer Chiefs da Orlando Pirates kyauta. GTV ba ta kai ko'ina ba, a Janairun 2009 ta durƙushe dare ɗaya bayan rikicin kuɗi na duniya ya hana ta samun jari, mutane suka wayi gari allo baƙi, SuperSport ta kwashe abin da ta bari. HiTV ta kai 2010, da aka zo sabon zagaye kuɗin ya ninka, ta taya amma garantin banki bai zo a kan lokaci ba, Firimiya ta koma gidan jiya, kafin ƙarshen 2011 HiTV ta zama tarihi.

Abin da ya kashe su ba rashin masu kallo bane. Su ƙasa ɗaya ko 'yan ƙasashe suke tara kuɗi, ita kuma MultiChoice tana tarawa daga ƙasashe kusan 50, ga masu kuɗin Afirka ta Kudu da ke biyan babban kunshi saboda zari-ruga, ga uwa Naspers a baya mai aljihu. In an yi asara a Najeriya shekara biyu za su iya shanyewa, kai ba za ka iya ba. Bayan su an sake gwadawa, Kwesé ta attajirin Zimbabwe Strive Masiyiwa ta zo da ƙarfinta ta rufe a 2019, TSTV ta fito ranar 1 ga Oktoba 2017 da alƙawura masu daɗi ba ta je ko'ina ba, StarTimes ta China da ta shigo a 2010 tare da NTA ita ce ta yi wayo, ba ta tsaya kokawar Firimiya ba, ta kama talaka da araha ta ɗauki irin su Bundesliga, wanda hakan ne ma ya sa MultiChoice ta fito da GOtv a 2011 don kar a kwashe mata ƙasa. Gwamnati ma ta gwada nata, a 2020 lokacin Lai Mohammed hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin na Najeriya ta gyara dokarta ta ce ba wanda zai riƙe haƙƙin wasa shi kaɗai dole ya sayar wa abokan hamayya, aka je kotu, a 2022 babbar kotun tarayya a Legas ta soke gyaran.

Gasar gida kuwa abin takaici ne. Shekarun da Kano Pillars ke cin kofi a jere, 2012, 2013, 2014, SuperSport na nuna gasar Najeriya, kana zaune a ko'ina a Afirka ka ga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata cike maƙil ana Sai Masu Gida, wallahi wannan hoton ya yi wa gasar talla fiye da duk wani taron manema labarai. Wajen 2017 suka janye, bayan naira ta faɗi a 2016 kuma yarjejeniyar da dala aka ƙulla ta, aka yi shekaru gasar na yawo babu tsayayyen gidan talabijin sai a 2023 da StarTimes ta ɗauka. Ka lura da dalilin, canji ne dai, shi ne zai sake dawowa a gaba.

Mu koma kan mallaka. A 2001 Naspers, a ƙarƙashin Koos Bekker ɗin nan dai, ta sa kusan dala miliyan 32 ta sayi kashi 46.5 cikin ɗari na wani ƙaramin kamfanin China da ba wanda ya sani, Tencent, masu WeChat a yau. Wannan cinikin ya zama ɗaya daga cikin mafi riba da aka taɓa yi a duniya, hannun jarin ya kai ɗaruruwan biliyoyin dala a wani lokaci, kuma kuɗin talabijin ne ya ba su ƙarfin yin irin wannan kasadar tun farko. To amma da Tencent ta girma sai ya zama DStv da SuperSport ɗin da suka raini gidan sun koma ɗan ƙaramin abu a lissafin Naspers, ga Netflix ta shigo Afirka a 2016, masu babban kunshi sun fara zamewa. Sai Naspers ta ce kowa tasa ta fisshe shi, a ranar 27 ga Fabrairu 2019 ta saki MultiChoice ta raba hannun jarinsa ga masu jarinta aka sa shi a kasuwar hannun jari ta Johannesburg. Daga ranar zuwa 2025 in aka tambaye ka waye mai SuperSport, amsar ita ce babu mutum ɗaya, asusun fansho ne da kamfanonin zuba jari da duk wanda ya saya a kasuwa. Sai kuma wani tsari da ake kira Phuthuma Nathi, wanda aka kafa tun 2006 don baƙaƙen fatar ƙasar su samu rabo, dubban mutane ne talakawa da ma'aikata, suna da kashi 25 na reshen Afirka ta Kudu kawai, ba na Najeriya ba.

Kamfani in ya zama ba shi da uba a kasuwa, duk mai kuɗi zai iya tsintarsa, kuma haka Canal+ ta yi, a hankali ba hayaniya. A 2020 aka ji tana da kashi 6.5, kafin a ankara ta kai 12, a 2022 ta wuce 20, farkon 2023 ta haura 30, duk lokacin da aka tambaye su sai su ce jari ne kawai na dogon zango. A farkon Fabrairu 2024 suka fito fili suka taya rand 105 kan kowane hannun jari, shugabannin MultiChoice suka ce albarka, kun raina mu. Sai dai a daidai lokacin Canal+ ta riga ta tsallake kashi 35, kuma dokar can ta ce duk wanda ya kai nan dole ya yi wa sauran masu jari tayin saye gaba ɗaya, hukumar da ke sa ido ta tilasta musu, suka ƙara zuwa rand 125, wanda ya sa darajar kamfanin ta kama wajen rand biliyan 55, kusan dala biliyan 3.

Abin da ya ja cinikin ya ɗau fiye da shekara ɗaya da rabi wata doka ce, a Afirka ta Kudu baƙo ba zai riƙe fiye da kashi 20 na ƙuri'a a kamfanin da ke da lasin watsa shirye-shirye ba. Lauyoyi suka zauna suka samo hanya, aka ware sashen da ke riƙe da lasin da masu biyan kuɗi na cikin Afirka ta Kudu aka mai da shi kamfani daban, aka ba Phuthuma Nathi da wasu 'yan kasuwa baƙaƙe da asusun ma'aikata rinjaye a ciki, MultiChoice ta tsaya a kashi 49 na riba da kashi 20 na ƙuri'a. A takarda doka ta cika. A aikace kuwa wanda ke da tashoshin da haƙƙin wasannin shi ke da magana, don lasin da ba ƙwallo a ciki ba wanda zai biya. Kotun kula da gasa ta amince a Yulin 2025, ranar 22 ga Satumba Canal+ ta karɓi ragama, Maxime Saada ya zama shugaban hukumar gudanarwa, David Mignot ya karɓi harkokin Afirka gaba ɗaya, daga baya suka tattara sama da kashi 90 suka sayi ragowar. Wannan tsarin na lasin bai shafi Najeriya ba, mu kai tsaye muke ƙarƙashin uwar.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai, da na Garwa da Njamena, su ba sai an gabatar musu da Canal+ ba, ita ce DStv ɗinsu tun tuni, da ita suke kallon Firimiya da sharhin Faransanci. An kafa ta a Faransa a Nuwamban 1984, shekara biyu kafin M-Net, kuma da irin dabara ɗaya, fim da ƙwallo a kulle. Ta daɗe a ƙarƙashin Vivendi, a Disamban 2024 aka ɓalle ta aka sa ta a kasuwar hannun jari ta Landan, kuma mai kaso mafi girma, kusan kashi 30, shi ne kamfanin iyalan Vincent Bolloré. 'Yan Nijar sun san sunan nan ta wata fuskar, shi ne na layin dogon Yamai zuwa Dosso da aka shimfiɗa aka yi bikin buɗewa jirgin bai zama abin hawan jama'a ba, kuma kamfaninsa ya daɗe yana riƙe da tashoshin jiragen ruwa a gaɓar Afirka ta Yamma kafin ya sayar wa MSC a 2022. Wato ya fita daga kwantena ya ƙara nutsewa a talabijin. In aka haɗa gidajen biyu yanzu ana maganar masu biyan kuɗi wajen miliyan 40 a ƙasashe kusan 70, kuma a karon farko mai nuna ƙwallo a Katsina da mai nunawa a Maraɗi gida ɗaya ne.

Me yasa masu jari suka yarda suka sayar? Kai da kanka kana cikin dalilin, ƙanena. A Yunin 2023 aka saki naira, dalar da ke wajen 460 a hukumance ta haura 1,500 a 2024. Babban kunshin DStv da ke naira 24,500 a Mayun 2023 ya koma 29,500 a Nuwamba, ya koma 37,000 a Mayun 2024, ya koma 44,500 a Maris 2025, Compact kuma daga 10,500 ya kai 19,000. Ku kuna ganin an kusa ninka muku kuɗi, su kuma in suka canza abin da suka tara zuwa dala sai su ga bai kai na da ba, ga mutane na ajiye dikoda saboda ga tsadar fetur ga rashin wuta, mutum ya biya wata guda ya kalli kwana goma. Da bakinsu suka ce sun rasa masu biya miliyan 1.4 a Najeriya cikin shekara biyu zuwa Maris 2025, a shekarar kuɗi ta 2024 kuma suka bayyana asarar rand biliyan 4.1. Sun nemi wasu ƙofofin, suka ƙara jarinsu a kamfanin da ke da BetKing har ya kai kashi 49 a 2021, abin da ni dai ban ji daɗinsa ba don ya sa tallar caca ta cika hutun rabin lokaci a gaban yara, suka zuba kuɗi mai yawa a sabon Showmax tare da Comcast ta Amurka, har ƙungiyarsu SuperSport United da suka saya tun 1994 tana Pretoria City, wadda ta ci gasar ƙasar sau uku a jere daga 2008 zuwa 2010, a 2025 suka sayar da ita. In ka ga gida ya fara sayar da abin da ke ɗauke da sunansa ka san ana neman kuɗi.

Saura tambayarka ta uku. Ni ban ga dalilin da zai sa sauyin mai gida shi kaɗai ya sauko da kuɗin wata sosai ba, kuma kar ka gina lissafin gidan kallonka a kan hakan. Canal+ za ta iya rage wasu abubuwa, in za a sayi fim ko dikoda ko hayar tauraro a sayi na mutum miliyan 40 lokaci ɗaya an fi samun sauƙi, kuma ba mamaki ka ga rangwame a kuɗin dikoda da garaɓasa don a dawo da waɗanda suka gudu, wannan sun iya shi a ƙasashen renon Faransa. Amma kuɗin Firimiya da Champions League ba a Paris ake yanke shi ba, kuma wanda ya kashe biliyoyi ya sayi kamfani so yake ya mayar da kuɗinsa. Abu biyu ne za su taɓa aljihunka da gaske, canjin dala, da kuma ko akwai wanda zai fito ya taya a zagaye na gaba. Na biyun ma takobi ne mai kaifi biyu, 2007 ta nuna mana cewa hamayya na iya zama dikoda biyu a gida ɗaya.

Kuma kar ka ɗauka ba a iya ƙwace musu. Kofin Afirka da aka buga a Kwaddibuwa a Janairun 2024, New World TV ta Togo ce ta riƙe haƙƙin, har SuperSport ta fitar da sanarwa cewa ba za ta nuna ba, masu gidajen kallo suka shiga neman mafita, sai ana saura 'yan kwanaki a fara aka daidaita ta saya daga hannunsu. Ita kuma beIN da wasunku ke kamawa da babban dish saboda sharhin Larabci, wannan ta Qatar ce, daga Al Jazeera Sport ta samo asali, haƙƙinta na Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka ne, Najeriya ba ta ciki, sigina ce kawai ke tsallakowa, shi yasa ba ta da ofis a nan da za ka kai ƙara in katinka ya mutu a tsakiyar kaka. In za ka sabunta na shekara ko ka ƙara dikoda, ka bari sai an sanar da wanda ya riƙe kowace gasa a kakar da za a shiga, ka kuma tabbatar rajistarka ta gidan kallo ce ba ta gida ba, don yanzu da suke neman kuɗi ido rufe ta nan suke fara bi.